Wai a rushe zauren gidan Kaka

Ɗana, saƙonka ya iso. Wai me zai hana a rushe zauren gidanmu na ƙauye a sa get, mota ta riƙa shiga, tunda ba mai zama a ciki. Na yi dariya har da ƙwalla, amma daren nan barci bai zo mini da wuri ba.

Ka taɓa lura ƙofar waje da ta ciki ba sa kallon juna? Da gangan magini ya kautar da su, don kada idon mai wucewa ya faɗa tsakar gida. Baƙo namiji nan ne iyakarsa. A nan aka raɗa wa babanka suna.

Ba na manta gyaran da aka yi masa a 1973, shekarar da naira ta shigo. Kwana da kwanaki muna tattaka ƙasa da ciyawa, ana barinta ta jiƙu. Ran gayya magini ya hau katanga ya zauna kamar mai hawan doki, ana cilla masa tubali daga ƙasa yana cafewa, ko kallo ba ya yi. Ni aka ba kwaɓa makuba, ta ɓawon ɗorawa, wadda ke hana ruwa cin bango. Na yi ha'inci na tsinka ta don in gama da wuri. Kakanka ya lakata da yatsa, ya murza, bai ce uffan ba, ya miƙo mini wani ƙoƙon. Sai da magariba, muna cin tuwo ƙarƙashin bakan gizon nan da ke riƙe da rufin zauren, ya ce, "Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga." Azarar da aka ɗora ranar ta giginya ce, har yau gara ba ta taɓa ta ba.

Ku kuwa kun shafa wa bangon siminti, danshi ya rasa mafita, yana cin ƙasar ta ciki. Indararo ya karye shekara nawa, ba wanda ya hau. Mu ma da laifinmu, da muka tare a birni muka bar shi.

Maganar mota, akwai inuwar darbejiya a ƙofar gida. In ka zo hutun Sallah ka taho da tsani, mu fara duba rufin.