Amsa: Shin za a iya dogara da kundin tafiyar Bulatobich a Habasha?

Ka tambaya ko za ka iya dogara da abin da Aleksanda Bulatobich, hafsan sojan dawakin Rasha da daga baya ya zama ɗan zuhudu a Dutsen Atos na ƙasar Girka, ya rubuta game da yaƙe-yaƙen Sarki Menelik na biyu a kudancin Habasha. Amsar ita ce za ka iya, matuƙar abin da ya gani da idonsa kake nema. Ya shiga ƙasar a 1896 tare da tawagar agaji ta Red Cross ta Rasha bayan yaƙin Adwa tsakanin Habasha da Italiya, sannan a 1898 ya bi rundunar Ras Walda Giyorgis, ɗaya daga cikin manyan jagororin yaƙin Menelik, ta cikin yankin Kaffa har zuwa tafkin da a yau ake kira Turkana, yana rubuta abin da ya faru kusan kowace rana, yana kuma auna hanya da tsawon duwatsu.

Sharaɗin da zan gindaya maka, bayan na karanta fassarar kundinsa zuwa Turanci sau biyu, shi ne ka raba shaidarsa da hukuncinsa. Baƙon Ras ne, a sansaninsa yake ci yake kwana, ta bakin tafinta kuma yake jin mutanen da aka ci da yaƙi. Bai ɓoye gonakin da aka washe da ƙauyukan da suka zama kufai ba, har ya ɗauki wani yaro da ya tsinta da mummunan rauni kusa da tafkin ya tafi da shi Rasha, amma duk da haka yana ganin mamayar Menelik ta fi mulkin Turawa alheri. Alƙalumansa na yawan jama'a kuwa ƙiyasi ne kawai, kada ka kawo su a matsayin ƙidaya.