Ki Bar Shi Yana Kallon Baya Tukuna

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti. Ɗana yana da wata 14. Tun da aka haife shi muke sa shi a kujerar yara ta mota, irin wadda take juya fuskarsa baya. Yanzu ƙafafunsa sun kai jikin kujerar motar, sai ya lanƙwasa su. Babansa ya ce lokaci ya yi da za mu juya shi ya kalli gaba, tunda har ya fara tafiya, kuma wai in aka yi hatsari a haka ƙafafun ne za su karye. Ni kuwa zuciyata ba ta kwanta ba. Wa ya fi gaskiya a cikinmu? Daga wata uwa.

AMSA: Wa'alaikumus salam ƙanwata. Kada ki juya shi yanzu. Maigidanki ƙauna ce ta sa ya faɗi haka, amma ƙafa yake kallo, alhali abin da ake karewa shi ne wuya.

Ki ɗauki ɗanki ki dube shi da kyau. Kan jariri ya kai kusan kashi ɗaya cikin huɗu na tsawon jikinsa, na babba kuwa wajen kashi ɗaya cikin takwas ne. Wannan ƙaton kai yana zaune ne a kan ɗan siririn wuya wanda ƙasusuwansa ba su gama ƙwari ba, har yanzu guringuntsi ne ke haɗa sassansu. Irin wannan ƙashin baya yana iya miƙewa in an fizge shi, amma lakar da ke cikinsa ba ta jure miƙewa. Fara tafiya bai canja komai a nan ba, don ƙarfin ƙafa daban, ƙwarin wuya daban.

To, idan mota tana gudu ta daki wani abu ta gaba, kuma irin wannan karon shi ya fi yawa cikin munanan haɗurra, motar ce ke tsayawa, duk abin da ke cikinta kuwa ci gaba yake da tafiya. Yaron da ke kallon gaba, bel zai riƙe masa kafaɗu da ƙugu, kan kuma ba abin da ya riƙe shi, sai ya yi gaba da ƙarfi, wuyan ya ɗauki nauyin duka. Wanda ke kallon baya kuwa nutsewa yake yi cikin kujerar. Ƙeya da wuya da gadon baya su tafi tare, jikin kujerar ya tare su lokaci guda, kamar yadda kike tallafe shi da tafin hannu in za ki kwantar da shi.

Wannan dabara ta daɗe. Wani likita ɗan ƙasar Suwidin, Bertil Aldman, shi ya lura da yadda 'yan sama jannatin Amurka ke kwanciya rigingine a cikin kumbo don bayansu ya ɗauki ƙarfin tashi, sai ya ce me zai hana a yi wa yara haka a mota. A 1964 aka gwada kujerarsa ta farko. Har yau a Suwidin yara kan yi tafiya suna kallon baya sai sun kai wajen shekara 4, kuma tana cikin ƙasashen da yara suka fi ƙarancin mutuwa a cikin mota. Ƙa'idar Majalisar Ɗinkin Duniya da ake kira R129, wadda ta fara aiki a 2013, ta hana a juya yaro gaba kafin ya cika wata 15, kin ga naki ko wannan bai kai ba. Ita ma wata 15 ɗin mafi ƙaranci ce. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka da ta ce a kai shekara 2 a shawararta ta 2011, ta dawo a 2018 ta cire adadin shekarun, ta ce a bar yaro yana kallon baya har sai ya kai iyakar tsawo ko nauyin da kujerarsa ta yarda da shi.

Sai maganar ƙafa. Autata sai da ta haura shekara 4 kafin na juya ta. Ina kallonta ta madubi, wani lokaci ta tanƙwashe ƙafafu, wani lokaci ta ɗaga su ta jingina da bayan kujerar motar tana wasa da 'yan yatsunta, in barci ya ɗauke ta kuma ta watsa su gefe da gefe. Ban taɓa jin ta ce ƙafa na mata ciwo ba. Mu manya ne muke jin ciwon a madadinsu, domin gwiwarmu ta daina lanƙwasuwa irin tasu. Karayar ƙafa ba ta cika samun yaran da ke kallon baya ba, waɗanda ke kallon gaba ma sukan buga ƙafa da kujerar da ke gabansu. Ko da an ƙaddara ƙafar ta karye, ana ɗora ta, yaro ya warke ya yi gudu. Laka in ta tsinke ba ta da ɗori. Wannan maganar nake so ki zauna ki faɗa wa babansa cikin natsuwa, ba a bakin mota ana shirin fita ba.

Abin da zai nuna miki kujerar ta yi masa kaɗan shi ne kansa. In tazarar da ke tsakanin tsakar kansa da saman kujerar ba ta kai santimita biyu da rabi ba, ko ya wuce nauyi ko tsawon da aka rubuta a takardar da ke manne a gefenta, to ya girme ta. Wannan ba ya nufin a juya shi. Akwai manyan kujeru da ke ɗaukar yaro yana kallon baya har kilo 18, wasu har 25. Irin su za ki nema.

Tunda kin tambaya, bari in ƙara miki abin da na fi ganin iyaye suna kuskurewa. Igiyoyin da ke riƙe yaron su fito daga daidai kafaɗarsa ko ƙasa da ita kaɗan, muddin baya yake kallo. Bayan kin ɗaure, ki sa babban yatsa da manuniya ki tsunkuli igiyar a kan kafaɗarsa. In kin iya kamo ninki, ta yi sako-sako, ki ƙara ja. Ita kanta kujerar ki kama ta daidai inda bel ɗin mota ya ratsa, ki girgiza da hannu ɗaya, kada ta motsa fiye da santimita biyu da rabi. Ni sai na danna ta da nauyin jikina sannan nake jan bel ɗin, in ba haka ba ba ta kamuwa. In motarku tana da maƙalan ƙarfen nan na ISOFIX a tsakanin mazauni da majingini, aikin ya fi sauƙi.

Abu ɗaya da ke tayar min da hankali game da yaro mai kallon baya: direba ba ya ganin fuskarsa, in ya yi barci shiru za ki ji. An sha manta yara a mota a haka, zafi ya hallaka su, kuma iyayen ba marasa kula ba ne. Ki riƙa ajiye jakarki ko wayarki a ƙasan kujerar baya, don dole ki buɗe ƙofar kafin ki bar wurin.

TAMBAYA: Hajiya, barka da aiki. Jaririnmu sati shida. In za mu fita kusa, mai ɗakina takan zauna a gaba ta rungume shi, ni kuma ina tuƙi a hankali. Wannan ma akwai matsala? Daga wani uba.

AMSA: Malam, akwai, kuma babba. Na yarda kana tuƙi a hankali, amma ba kai kaɗai ke kan titi ba.

Karo a gudun kilomita 50 a awa, wanda gudun cikin gari ne, daidai yake da faɗowa daga tsawon mita 10. A wannan ƙiftawar ido nauyin jiki kan ninka sau ashirin ko fiye, jariri mai kilo 5 ya koma kamar kilo 100 yana fizgewa daga hannu. Babu uwar da za ta iya riƙe wannan, komai son da take masa. In ba ta ɗaura bel ba, jikinta ne zai matse shi da gaban motar. In ta zagaya bel ɗaya ta haɗa da shi, nauyinta zai danne shi a jikin bel ɗin. Wata rana na taka birki da ƙarfi saboda yaron da ya tsallako titi, gorar ruwan da ke kujerar baya ta zame da ƙarfi ta daki bayan kujerata. Ban ma yi karo da komai ba, birki kawai na taka.

Ga kuma jakar iskar da ke gaban fasinja, wadda take kumburowa nan take in an yi karo. Don babban mutum aka yi ta, tana fashewa da ƙarfin da zai iya kashe jariri. Saboda haka ko kujerar yara kuka saya, kada a ɗora mai kallon baya a gaba matuƙar jakar iskar tana aiki. Wurinsa kujerar baya, maman ta zauna kusa da shi ta ɗaura nata bel. Hukumar kiyaye haɗurran manyan hanyoyi ta Amurka ta ƙiyasta cewa kujerar yara na rage haɗarin mutuwar jarirai a ƙananan motoci da kashi 71 cikin ɗari, na 'yan shekara 1 zuwa 4 kuma da kashi 54.

Da yake naku ɗan sati shida ne, ku kula da kwanciyar kujerar. In ta miƙe da yawa, kansa zai rinjayo haɓa ta taɓa ƙirji, numfashi ya yi masa wuya. Yawancin kujeru suna da layi ko alama a gefe da ke nuna daidai kishingiɗar da ake so. In ya yi kuka yana son nono, a sami wuri a tsaya, kada a ciro shi mota na tafiya.

TAMBAYA: Anti, yayata ta ba ni kujerar da 'ya'yanta suka yi amfani da ita. Zan iya sa 'yata a ciki? Daga wata mai jego.

AMSA: Za ki iya, 'yata, in kin tabbatar da abu uku. Ki tambayi yayarki ko an taɓa yin hatsari da kujerar a cikin mota, domin roba kan tsage ta ciki ido bai gani ba. In an yi, ki haƙura da ita. Ki kifa ta ki nemi ranar da aka ƙera ta, yawancin kamfanoni shekara 6 zuwa 10 suke ba kujera, don rana da zafin mota suna cinye ƙarfin roba. Sannan ki duba igiyoyi da maɓallin ɗaurin, babu wanda ya zare ko ya ɓata, kuma ki ji ƙarar "ƙas" in kin danna. Ki karɓo har da littafin bayaninta in yana nan.

In za ki sa jaririyarki a ciki lokacin sanyi, ki cire mata rigar sanyi mai kauri tukuna, don soson rigar yana lotsawa a karo ya bar igiya sako-sako. Ki ɗaure ta da 'yan kayanta marasa nauyi, sannan ki lulluɓa bargo a kan igiyoyin, daga ƙirji zuwa ƙasa.