Ƙwaro mai hoton ƙoƙon kai ya shigo ɗakina, jifa ne?

Tambaya: Salam Malam, ni ɗalibi ne a jihar Gujarat ta Indiya. Daren jiya wani ƙaton malam buɗe littafi na dare ya shigo ɗakina, a gadon bayansa akwai hoton ƙoƙon kan mutum, da na taɓa shi da tsintsiya sai ya yi ƙara kamar ɓera. Na tura hoton gida, yanzu hankalin Umma ya tashi, an ce mata jifa ne ko kuma yana da dafi, wani har ya ce a kawo kuɗi ya karya abin. Dan Allah me zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena. Ka kira Umma yau ka ce ta kwantar da hankalinta, kuma kada a ba kowa ko sisi. Yadda ka siffanta shi, wanda a kimiyyance ake kira Acherontia styx ne, ko ɗan uwansa lachesis da ya ɗan fi shi girma. Shi styx faɗin fukafukansa wajen santimita 10, na sama duhu-duhu kamar ɓawon itace, na ƙasa rawaya da baƙin layi biyu. Yana nan daga Iraƙi da Iran, Pakistan, Indiya, har Sin, Japan da Indonesiya, kuma Gujarat ɗin da kake ƙasar riɗi ce, tsutsarsa ko ganyen riɗi take ci, manoman can sun san ta sarai. Gidansa kake, ba turo shi aka yi ba.

Macen na saka ƙwai ɗaiɗai a ganyen riɗi, gauta, dankalin turawa ko zaƙami, cikin 'yan kwanaki ya ƙyanƙyashe, tsutsar ta yi ta ci tana saɓa har ta kai kaurin yatsa, koriya ko rawaya da layuka a karkace da ɗan ƙaho a wutsiya. Bayan sati biyu zuwa uku ta shiga ƙasa ta kwanta, wasu sati biyu zuwa uku ya fito da fukafuki, in sanyi ya shigo kwanciyar ta fi haka tsawo. Ƙarar da ka ji iska ce yake zuƙa yana fitarwa ta bakinsa in an takura shi. Laifinsa ɗaya dai, ɓarawon zuma ne, yana kutsawa amya ya sha.

To maganar dafi, wallahi na gaji da ita. Kusan kullum sai an turo min hoto, domin a gida ma muna da na ukunsu, atropos, shi ma da wannan zanen. Ba ya cizo, ba ya harbi, ba shi da ƙari, ƙahon tsutsar nama ne mai laushi, ba gizaka ba ce da za ta sa ka ƙaiƙayi. Garin da ke fukafukinsa in ya shiga ido kamar ƙura ne, a wanke da ruwa shi kenan, ba ya makantarwa. Amma me mutane ke yi? Tsoro ya sa a kulle taga da ƙofa a zazzaga fiya-fiya a ɗaki, sannan a shigar da yara su kwana ciki, da asuba a kwashe su zuwa asibiti suna amai da dalalar yawu, numfashi na sarƙewa, sai kuma a ce ai ga shi jifan ya kama. Fiya-fiyan ne ya kama su! Maganin gona ne mai taɓa jijiyoyi, yana kisa. Shi kuma mai karya jifan ya karɓe kuɗinsa tuni, bai ma san sunan ƙwaron ba, ko tsutsarsa ka nuna masa ba zai gane abu ɗaya ba ne.

In ya dawo, hasken fitila ne ya jawo shi. Kashe ta ciki, kunna ta waje, buɗe taga. In ya ƙi fita ka kifa masa kofi, ka zura kwali ta ƙasa ka kai shi waje, zai yi maka tsuwa a hanya, ƙyale shi.