Zama a soket ba shi ne dacewa ba

Ka ce ka cire furosesa i3-6100 daga madabod (babban allon kwamfuta) mai cifset H110, wato guntun da ke haɗa furosesa da sauran sassa, ka sa i5-8400, ta zauna daram, amma da ka kunna sai sikirin ya tsaya baƙi ƙirin. Kana kuma tambaya ko za a iya ƙara wa injin kash, wato ƙaramar ma'ajiya mai sauri da furosesa ke aiki da ita. To yarona, ajiye sukudireban tukuna.

Furosesar nan lafiyarta ƙalau, kada ka ɗora mata laifi. Sunan soket ɗin, wato mazaunin furosesa a kan madabod, shi ne ya yaudare ka. Soket LGA1151 iri biyu ne masu suna ɗaya da yawan fil ɗaya. Na farko yana ɗaukar furosesocin Intel zubi na 6 (irin i3-6100) da na 7 a kan cifset jerin 100 da 200. Na biyu, mai zubi na 8 (irin i5-8400) da na 9, sai jerin 300, irin su H310 da B360. Intel ta sauya aikin wasu fil ɗin domin ƙarin wutar da furosesoci masu kwakwalwa shida ke ja. Ramin ɗaya ne a ido, wayarin ɗin daban. Ni ma na taɓa kwana a kan irin wannan ina zargin RAM, har na sauya ta sau uku.

Don haka kafin ka kwance ko noti ɗaya, karanta lambar madabod ɗin, ka shiga shafin kamfanin da ya ƙera shi, ka duba jerin furosesocin da yake karɓa. A gefen kowace za ka ga lambar BIOS, wato manhajar madabod mai tayar da inji, da take buƙata, kuma nan ne yawancinku kuke tuntuɓe. Madabod B450 na AMD yana ɗaukar Ryzen 5 5600, amma sai an sabunta BIOS, kuma da tsohuwar furosesa ake sabuntawa. Idan ka riga ka sayar da ita, ka shiga uku, sai dai in madabod ɗin yana da maɓallin BIOS Flashback, wanda ke karanta filash ko babu furosesa a kai.

In jerin ya nuna ta dace amma shiru, duba ƙarshen sunanta. Intel mai harafin F ba ta da sashen hoto a ciki, ita ma 5600 ɗin haka, sai da katin hoto. Za ka ji inji yana aiki, wayar sikirin tana jone a bayan madabod, kai kuma kana ta gumi. Daga nan cire batirin CMOS, ƙaramin batirin da ke kan madabod, na ɗan mintoci, ka tabbatar wayar wuta mai fil 8 ta kusa da soket ta shiga sosai, sannan ka haska fil ɗin soket da tocila ta gefe. Wanda ya lanƙwashe ƙyallinsa yakan bambanta da na 'yan'uwansa.

Batun kash kuwa, ka makara da kusan shekara talatin. A zamanin furosesa 486 da Pentium na farko, kash mataki na biyu, wato L2, a kan madabod yake, muna soka shi da hannu. Yanzu L1, L2 da L3 duk a cikin furosesa aka gina su. Mai son ƙari sai ya sauya furosesa: 5800X tana da L3 megabait 32, 5800X3D ta 2022 tana da 96, a soket AM4 ɗaya. A wasannin kwamfuta ake jin bambancin. Mai buga takardu kuwa SSD, wato ma'ajiyar fayiloli mai sauri, zai fi yi masa amfani.

Yanzu mayar da i3 ɗin mu ga inji ya tashi. Goge tsohon man rage zafi da ke kanta, ka ɗiga sabo kamar ƙwayar wake. In mai injin yana son ƙarin ƙarfi a wannan madabod, mu nemo masa i7-6700, ko i7-7700 bayan mun sabunta BIOS.