Amsa ga ƙanenmu mai ciwon ƙugu a wurin renon itatuwa

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ƙanena, sannu, Allah ya ba ka lafiya. Na ga tambayarka tun daren jiya: kana aikin cikon leda da ban-ruwa, kana zuwa gyaran fulawa a gidajen mutane, yau kusan mako biyu ƙugunka a riƙe, da safe ba ka iya miƙewa sai ka dafa bango, kuma kana son sanin abin da za ka yi da kanka tunda ba halin barin aiki, ba kuɗin ɗaukar hoton baya a likita. Wallahi da na karanta sai na ji kamar ni na rubuta. Na ga wasu sun ce maka basir ne, wasu sun ce sanyi, wani har sunan ƙwaya ya rubuto maka. Ka dakata tukuna, ka ji daga bakin wanda ya kwana da wannan ciwo.

Nawa a tsakiyar bazara ya kama ni, lokacin da kowa ke rige-rigen shirya dashen 3 ga Agusta, ranar bikin dashen itatuwa a Nijar. Ina aiki a lambun wani Alhaji a bakin gulbi, ya samu kwangilar bedi da dakwara da turare masu yawan gaske, amma ya ƙi ƙara ma'aikata. Kun san yadda abin yake, tun asuba arozuwar biyu, wato butocin ban-ruwa, a hannu, rana ta take a duƙa kan tulin yashi da taki ana cika leda, la'asar kuma a koma ban-ruwa. Ranar da abin ya faru wani ɗan mangwaro mai aure, wato wanda aka haɗa wa reshen wani iri, na sunkuya zan ɗora a amalanke, yana cikin babbar tukunyar siminti, ƙasarsa jiƙe sharkaf. Na ɗago, na juya da shi, sai na ji wani abu ya tsarga mini daga ƙugu har cinya. Ban san lokacin da na saki tukunyar ba. A nan na kwanta cikin caɓi tsakanin layukan leda, numfashi ma da ƙyar, ina kiran yaran da muke aiki tare amma murya ba ta fita. A bayan amalanken nan aka kai ni gida, duk ramin da taya ta faɗa sai na yi salati. Daren nan rarrafe na yi zuwa ban-ɗaki. Maiɗakina ce ta sa mini wando da safe, 'yata ƙarama na tsaye bakin ƙofa tana kallon ubanta tana kuka. Har yau in na tuna da wannan kallo sai zuciyata ta yi nauyi.

Shi kuwa Alhajin, bai tako gidana ba. Yaronsa ya aiko da ƙwayoyi a ƙulle cikin leda, ba kwali ba suna, da saƙon wai in sha in fito gobe, aiki ba ya jira. Da na samu na lallaɓa na je wajensa, ko daga mota bai fito ba, gilashi ya sauke ya ce ai shi ya san irinmu, da an ga aiki ya yi yawa sai a ƙirƙiro ciwo. Ni ya faɗa wa haka. Ni da duk mangwaron da ke lambun nan hannuna ya yi musu aure, ni da nake kwana can in injin ban-ruwa ya lalace don kada dashensa ya ƙone. Ya yanke kuɗin kwanakin da na yi kwance, ya cire kuɗin tukunyar da ta fashe, kafin wata ya ƙare ya sa wani a gurbina. Kuɗin tukunya fa, jama'a. Na bar shi da Allah, amma ban yafe wannan kalma ta ƙirƙiro ciwo ba, don ta fi ciwon kansa yi mini zafi.

To, ga abin da na sani. Kada ka kwanta ka miƙe ƙafa ka ce sai ya warke za ka tashi. Likitan da ya duba ni a CSI, wato ƙaramar likitar unguwarmu, shi ya fara faɗa mini haka, na ɗauka bai ji bayanina ba ne. Ya ce kwana ɗaya ko biyu in ciwo ya yi tsanani ba laifi, bayan nan a tashi a riƙa takawa, ko daga ɗaki zuwa zaure ne, don doguwar kwanciya sandarar da naman baya take yi, ta kuma rage masa ƙarfi. Ya ce yawancin irin wannan ciwo yana sauƙi cikin mako huɗu zuwa shida, kuma hoto ba ya ƙara komai in babu alamun haɗari. Saboda haka rashin kuɗin hoto kada ya hana ka barci. Ya zana mini a takarda: ƙasusuwa biyar ne a ƙasan gadon baya, tsakanin kowane biyu akwai wani faifai mai taushi kamar gammo, ga nama da jijiyoyi sun ɗaure su. In ka duƙa ka ɗauki nauyi nesa da jikinka kuma ka murɗa, a nan duk wahalar take sauka.

Maganar ƙwaya kuwa, ina roƙonka don girman Allah, kada ka taɓa tramol. Wanda ya rubuta maka sunan nan bai so ka da alheri ba, ko kuma bai sani ba. Na ga yaro ƙaƙƙarfa da muka yi aiki tare ya fara da guda don ya iya ƙarasa ban-ruwa, yau ba ya iya tashi sai da ita, an sha ɗaukarsa yana farfaɗiya. Ciwon yana nan, ji ne kawai ba ka yi, sai ka ci gaba da ɗaukar abin da jikinka ke ce maka ka ajiye. Su ma ibuprofen da diclofenac da muke saye a tebur kamar gyaɗa, suna taimakawa, amma na 'yan kwanaki ne, bayan an ci abinci, kuma ba a haɗa su biyun. Mai gyambon ciki ko ciwon ƙoda ko hawan jini ya tambayi likita tukuna. Mu da muke yini cikin ranar Afrilu da Mayu, zafi ya wuce digiri 40, gumi na zuba ba mu shan ruwa isasshe, waɗannan ƙwayoyi suna iya taɓa mana ƙoda. Ka sha ruwa sosai. Ka sayi magani a farmasi, da kwalinsa.

Ɗumi ya yi mini amfani ƙwarai. Tsumma a ruwan zafi daidai yadda fata za ta ɗauka, a matse a ɗora kamar minti 15 zuwa 20, safe da dare. In za ka kwanta, ka kwanta ta gefe ka sa matashi tsakanin gwiwoyi. Kafin ka sauko daga shimfiɗa ka jawo gwiwoyinka zuwa ƙirji a hankali, ɗaya bayan ɗaya. Salla kuma ka yi ta a zaune in sujada ta gagara, addini ya ba da wannan sauƙi, kada kunyar mutanen masallaci ta sa ka cuci kanka. Sakiya dai ban ba ka shawara ba, ƙuna za ka ƙara a kan ciwo.

Amma gaskiyar magana, in ba ka sake yadda kake aikin ba, zai dawo. Cikon leda shi ne babban mai kashe mu, ya fi ɗaukar kaya, don awa da awa mutum yana naɗe wuri ɗaya. Ni yanzu tsohon ƙyaure na ɗora kan bulo, nake zuba haɗin ƙasar a kai ina cikawa a tsaye. In dole sai a ƙasa, na zauna kan 'yar kujera, ko na durƙusa da gwiwa ɗaya kan buhu. Duk bayan ɗan lokaci na miƙe, na dafa ƙugu da hannu biyu na ɗan banƙare baya. Ka riƙa cuɗanya aikin, ka cika leda kaɗan, ka tashi ka yi ban-ruwa, ka dawo. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, kenan bidon mai lita 25 kilo 25 ne kake lanƙwasawa da shi a hannu guda. Gara ka raba shi biyu, kowane hannu rabi, ko da sawu zai ƙaru. Kaya kuma ka matso da shi jikin cikinka, ka lanƙwasa gwiwa, in za ka juya ka juya da ƙafafu. Tukunyar siminti aikin mutum biyu ce, ko wa zai yi maka dariya. Baro ka tura kayan wajen taya, ka duba iskarta. Shebur da manjagara a sa musu doguwar ƙota.

Wannan ma ya tuna mini, mu masu wannan sana'a ba mu da haɗin kai ko kaɗan. Masu lambun zogale na Jiratawa, kusa da Maraɗi, suna da ƙungiyoyinsu, mu kuwa kowa na bakin titi da 'yan ledojinsa, mai babbar mota ya tsaya ya yi ta ciniki kan dashen da ka yi wata da watanni kana shayarwa, ya taya kamar a bola ka tsinto shi. Me zai hana mu yi adashi ko na tiyo ne? Tiyo ɗaya mai tsawo ya raba mutum da rabin jigilar ruwa. Kuma yaran nan ƙanana da ake ɗauko wa ban-ruwa lokacin hutun makaranta, a ji tsoron Allah a daina ɗora musu bidon cike.

Belt ɗin ƙugu da ka tambaya, ban ga ya kamata ka kashe kuɗinka ba. Wani ɗan'uwana ma'aikacin lafiya ya nuna mini cewa Hukumar Lafiya ta Duniya, a jagorar da ta fitar a 2023 kan ciwon baya mai daɗewa, ba ta goyi bayan amfani da shi ba, motsa jiki ta fi ƙarfafawa. Ita ce kuma ta ce mutum miliyan 619 ke fama da ciwon ƙasan baya a 2020. Da na ji wannan adadi sai na tuna da mai cewa ƙirƙira muke yi.

Abu ɗaya ne ba na son ka yi wasa da shi. In fitsari ya riƙe maka, ko yana zuba ba ka sani ba, ko bayan gida, ko ka ji tsakanin cinyoyinka da mazaunai sun mutu, ko ƙafa ta fara rauni kana jan ta, wannan ba na jiyya a gida ba ne, a ranar za ka tafi babbar likita ko da rance ne. Haka in akwai zazzaɓi, ko rama, ko ciwon ya fi tsanani da dare kana kwance, don tarin fuka ma yana kama ƙashin baya. In ka ga jini a fitsari, ka faɗa musu kana aiki cikin ruwan gulbi ko tabki, su duba tsargiya da ƙoda. In kuma ya wuce mako shida ba sauƙi, ka je a duba ka.

Ka dawo ka faɗa mana, ciwon yana sauka har ƙasan gwiwa ko a ƙugu ya tsaya? Kuma a wurinka kake aiki ko ƙarƙashin wani? In ƙarƙashin wani ne, ka same shi tun yau ka nemi ya mayar da kai kan shuka iri da yi wa dashe aure na ɗan lokaci, ka je da wani babba ya zama shaida. Allah ya ba ka lafiya, ya ba duk marasa lafiyarmu.