Me Ya Sa Da Zafi-Zafi Ake Dukan Ƙarfe?

Wata malamar makaranta daga Katsina ta aiko da tambaya: "Malam, ɗalibaina sun ce ma'anar 'da zafi-zafi ake dukan ƙarfe' ita ce a yi gaggawa. Haka ne? Kuma me ya sa ƙarfe ke lanƙwasa in an doke shi, tukunya kuwa sai ta fashe?"

Malama, ɗalibanki sun kusa, amma ba su kai ba. Dacewar lokaci ake nufi. Ki tsaya a maƙera ki duba: yaro na ta zuga, maƙeri ya riƙe awartaki yana kallon wuta, bai taɓa masaba ba. Sai ƙarfen ya wuce ja ya fara komawa ruwan ɗorawa, tsakanin digiri 900 da 1,200 a ma'aunin Salshiyos, sannan ya ɗora shi a kan uwar maƙera. In ya yi garaje ya gajiyar da hannunsa a banza, in ya yi sake ƙarfen ya huce ko ya ƙone. Yana damuna in ji ana kafa hujja da wannan karin maganar don a ingiza mutum ya yanke hukunci kafin abu ya nuna.

Amsar ta biyu tana cikin yadda ƙwayoyin zarra, wato ƙananan ƙwayoyin da suka haɗu suka yi kowane abu, suke riƙe da juna. A jikin ƙarfe suna jere sahu-sahu, kuma ilektoron ɗinsu na waje, wato 'yan ƙwayoyin lantarki da ke kewaye da kowace zarra, ba na kowa ba ne, yawo suke a tsakaninsu suna haɗa kan kowa. Saboda haka in masaba ta sauka, sahu yakan zame a kan sahu, kowace ƙwaya ta sami sababbin maƙwabta, riƙon bai tsinke ba. Zafi yana ƙara musu rawar jiki, zamewar ta yi sauƙi. Baƙin ƙarfe zalla ma yakan sake tsarin jerinsa ɗungurungum a digiri 912, tun bai kusa narkewa ba, don sai a 1,538 yake narkewa. Waɗannan ilektoron masu yawo su ne kuma ke ɗaukar zafi zuwa maƙamar ludayin ƙarfe, su ke kai lantarki cikin wayar jan ƙarfe.

Gasasshen yumɓu ba haka yake ba. Kowace ƙwaya tana ɗaure da wasu takamaimai, ta fuska ƙayyadaddiya. Babu hanyar zamewa, sai ƙarfin dukan ya taru a bakin 'yar tsaga, ta keta tukunyar gaba ɗaya.

Wani daga Damagaram ya ce, tama da ƙarfe abu ɗaya ne? A'a. Tama ita ce dutsen da ake haƙowa, ƙarfen cikinta a ɗaure yake da iskar oksijin. Gawayin da ake ƙona tamar da shi ne ke janye oksijin ɗin, ya kuma bar ɗan kabon, wato sinadarin da ke cikin gawayi, a jikin ƙarfen. Wannan ɗan kabon shi ke tare zamewar sahu. Shi ya sa maƙeri ke tsoma jar wuƙa a ruwa: ta huce farat ɗaya, kabon ya maƙale inda yake, kaifi ya yi tauri. Taurin kan yi yawa har ta karye, don haka yakan sake ɗumama ta kaɗan kafin ya sa mata ƙota.