Wani ya yi rajistar layi da katin dantite na, mafita fa?

Tambaya daga Garoua a ƙasar Kamaru: wani bawan Allah ya ba mai kiyos fotokopin katin dantite ɗinsa (katin shaidar ɗan ƙasa) wajen sayen sim, yanzu an kira shi komisariya (ofishin 'yan sanda) wai an damfari wata mata ta Mobile Money da lambar da ke da sunansa, shi ko sanin lambar bai yi ba.

To ɗan'uwa ka je kiran nan, kar ka ɓuya, ɓuyan ne zai sa a ɗauka da hannunka a ciki. Amma kafin nan ka wuce babban ofishin kamfanin, MTN ne ko Orange, ba kiyos na bakin titi ba, ka ce su duba duk lambobin da ke kan katinka, wanda ba naka ba ka rubuta takarda a rufe shi kuma su buga maka hatimi da kwanan wata a kan kwafin takardar da za ka riƙe. Wannan kwafin shi ne shaidarka, magana ta baki ba ta zuwa ko'ina. Daga nan kai ma ka kai ƙara wajen prokirer (mai gabatar da ƙara na gwamnati) ko jandarma cewa an yi amfani da sunanka, dokar 2010/012 ta laifukan intanet na nan.

Abin da mutanenmu ba su gane ba, katin nan DGSN, wato hukumar 'yan sandan ƙasa, ce ke ba da shi, ta riƙe hotonka da zanen yatsunka, shi ya sa wuya wani ya yanki kati na biyu da yatsunka, amma fotokopi fa ba ya tambayar yatsa, sunanka da na iyayenka da ranar haihuwa duk suna kai, wanda ya samu ya samu. Wallahi abin na ci min rai in na ga tulin kwafin katin mutane a kan teburin kiyos an danne da dutse.

Dokar kare bayanan mutum 2024/017 ta 23 ga Disamba 2024 ta ba ka ikon tambayar me aka ajiye a kanka, a gyara in da kuskure, kuma abin da aka karɓa don sim ba a juya shi wani aikin. Gaba in za ka ba da kwafi, ja layi biyu a kai da biro ka rubuta dalili da rana. Asalin katin kuma ko mai gidan haya ne ya nema jingina, a'a.